Gyara ko Sayarwa: Makomar Tsofaffin Motocin da Tsatsa ke Ci a Ƙasar Zakirai

A garin Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa da ke arewa maso gabashin birnin Kano, da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da wuya mutum ya ratsa unguwa biyu ko uku bai ga tsohuwar mota a ajiye ba, wata a ƙofar gida a gindin darbejiya, wata a bayan gareji an ɗora ta a kan bulo, tayoyinta sun sace, gilasanta sun dushe da ƙurar hunturu, tsatsa kuma ta fara huda gefen ƙofofinta.

Mafi yawansu motoci ne da suka yi zamani: Peugeot 504 da 505, akori-kura ƙirar 404, bas ƙirar J5, da Golf wadda ta daɗe tana jigilar fasinja tsakanin ƙauyuka da birni. Kusan kowacce tana da mai ita wanda ya yi niyyar tayar da ita bayan kaka, amma kaka ta zo ta wuce sau uku ko huɗu, motar tana nan inda aka bar ta.

Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da farashin man fetur da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, tambayar da ke gaban masu waɗannan motoci, wato a gyara ko a sayar, ta ƙara tsanani, domin sayen wata motar ya fi ƙarfin yawancin manoma da direbobi, gyaran tsohuwar ma ya zama babban aiki, masu sayen tsofaffin ƙarafa kuwa suna zagayawa da tayin kuɗi a hannu.

Yadda motocin suka shigo ƙauye

Tarihin waɗannan motoci yana haɗe da tarihin tattalin arzikin Nijeriya. A shekarar 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara haɗa motoci a masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna, kuma da yake gwamnatocin wancan zamani sun mayar da Peugeot motar hukuma, suna kuma ba ma'aikata rancen sayen mota, 504 ta bazu a Arewa fiye da kowace ƙaramar mota.

A farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, wato fiye da shekara ashirin bayan an daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa. Wannan ne ya sa aka samu makanikai masu yawa da suka ƙware a kanta, aka kuma samu kayan gyaranta a kowace babbar kasuwa.

Al'amura sun sauya a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin yi wa tattalin arziki garambawul wanda ya karya darajar naira, wadda a da take kusan kunnen doki da dalar Amurka. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da wasu ta Jamhuriyar Nijar, musamman ta Maraɗi, zuwa Katsina da Kano.

Mota takan fara rayuwarta a hannun attajiri ko ma'aikaci a birni, ta koma hannun direban haya, sannan a ƙarshe ta gangaro ƙauye bayan ta shekara ashirin ko fiye tana aiki. Saboda haka motar da ke ajiye a Zakirai a yau sau da yawa ta ratsa hannu huɗu ko biyar, kowanne kuma ya bar mata nasa facin da nasa tabon.

Hanyar maye gurbinta ma ta ƙuntata. Daga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sannan a watan da ya biyo baya aka sakar wa kasuwa ƙayyade darajar naira. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024, dala kuwa ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kimanin 1,500.

Matsayin mota a ƙasar noma

Zakirai tana cikin yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun shekarun 1960, wato kewayen Kano mai cunkoson jama'a, inda gonaki ke haɗe da juna ba tare da jeji a tsakani ba, kuma ake noma kowace gona duk shekara ba a bar ta ta huta ba. A irin wannan wuri albarkar gona ta dogara ne ga takin da ake kai mata, kuɗin manomi kuma ya dogara ga isar da amfaninsa kasuwa.

Don haka motar ɗaukar kaya a nan kayan aiki ce kamar garma da shanun huɗa. Ita ke kai takin gargajiya gona da bazara, ita ke kwaso gero da dawa da gyaɗa da harawa da kaka, ita ke kai buhuna kasuwar Gezawa ko Dawanau, kayan gwari kuma 'Yankaba, kuma ita ake bugawa mai ita ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama.

Wannan matsayi ne ke sa rabuwa da ita ta yi nauyi. Mai mota a ƙauye yana da wata daraja da ta wuce ta kuɗin motar, kuma mutane da yawa suna ganin sayar da ita ga 'yan gwangwan, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan sikeli, tamkar shelanta wa gari ne cewa arziki ya ja baya.

Yadda tsatsa ke aikinta

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iska da danshi, sai fuskarsa ta rikiɗe ta zama jan gari mai ɓarɓashi. Illarta ita ce wannan ɓarɓashi ba ya kare ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, yana ma riƙe ruwa ne, don haka da zarar ta kama wuri sai ta ci gaba da nutsawa ciki har ta huda shi, gishiri da sinadarai masu kama da shi kuma suna ƙara mata sauri.

Ƙasar Kano tana da sa'a ta wannan fuska, domin wata bakwai zuwa takwas na shekara rani ne, iska a bushe take, kuma motocin Arewa sun fi na Legas da Fatakwal daɗewa da lafiyayyen bodi. Sai dai wannan sa'a tana yaudarar masu motoci, domin akwai hanyoyi na musamman da tsatsa ke bi ta kama mota a ƙauyen noma.

Ta farko ita ce ƙurar hunturu da ganyen bishiya, waɗanda ke toshe ƙananan kafofin da aka yi wa ƙofofi da gefen bodi don ruwa ya riƙa fita, ta yadda da ruwan farko ya sauka sai ƙurar ta zama taɓo, ta kwanta a cikin lungunan ƙarfe tsawon damina. Ta biyu ita ce zafin rana, wanda ke busar da robobin gilashi su tsage, ruwa ya riƙa shiga ya taru a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa.

Ta uku ita ce kayan da motar ta saba ɗauka, domin takin zamani irin su yuriya da kashin dabbobi da fitsarinsu suna cin ƙarfe matuƙa, shi ya sa bayan akori-kura ke riga sauran sassanta ruɓewa. Akwai kuma ruwan batir da ke zuba a mazauninsa, sannan motocin da aka shigo da su daga ƙasashe masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a kan titi da sanyi, sukan iso da tsatsarsu a ɓoye a ƙarƙashi.

Masu gyaran bodi suna rarrabe tsatsa gida uku. Akwai ta sama, wadda ba ta wuce fenti da fuskar ƙarfe ba, ana kankare ta a yi sabon fenti. Akwai wadda ta huda falle, kamar ƙasan ƙofa ko saman taya, ana yanke wurin a yi walda da sabon falle. Akwai kuma wadda ta kama shasi, wato ƙashin bayan mota wanda inji da ƙafafu da sifirin ke ɗaure a kansa, kuma ita ce mai yanke hukunci.

A nan ƙirar mota tana da muhimmanci. Motoci irin su Hilux da Canter suna da shasi daban wanda aka ɗora bodi a kansa, don haka bodin na iya lalacewa a sake shi muddin shasin yana da ƙarfi. Ƙananan motoci irin su Golf da 504 ta fasinja kuwa bodin da shasin abu guda ne, ta yadda idan gefen ƙasa da mazaunin ƙafafu suka ruɓe, ƙarfin motar baki ɗaya ya tafi, ko da an lulluɓe ta da fenti mai sheƙi.

Zaman wuri guda yana da nasa ɓarnar da ba ta shafi tsatsa ba. Fetur yana lalacewa a tanki ya toshe kafireta, ringi yana maƙalewa a cikin inji, birki yana kamewa, batir yana mutuwa, ɓeraye suna cin wayoyi, maƙwabta masu irin motar kuma suna zuwa aron wannan da wancan, abin da ba kasafai yake dawowa ba. Motar da aka ajiye saboda matsala ɗaya takan tara goma kafin shekara biyu.

Lissafin mai son gyara

Tayar da motar da ta daɗe a ajiye aiki ne na masu sana'a da yawa: makanike na inji da giya, mai walda da gyaran bodi, mai wayarin, mai fenti, mai kujeru, da mai faci, kowanne da kuɗin aikinsa. Wasu ayyukan, kamar gyaran manyan sassan inji a kan na'ura, sai an kai birni, kayan gyara kuma yawanci daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ake sayo su, don haka kuɗin zirga-zirga ma yana cikin lissafi.

Kayan gyaran kansu hawa-hawa ne. Akwai sababbi na asali, waɗanda suka yi wuya ga motocin da aka daina ƙerawa. Akwai na Kwatano, wato waɗanda aka ciro daga motocin waje. Akwai waɗanda aka kwance daga motocin da suka mutu a nan gida. Akwai kuma sababbi masu araha da ba sa jimawa. Da yake mafi yawansu da dala ake shigo da su, farashinsu yana bin faɗuwar naira sau da ƙafa.

Abin da ya fi jefa masu motoci cikin wahala shi ne gyaran kaɗan-kaɗan. Mutum ya sayar da buhu biyu ya yi inji, kuɗi ya ƙare, motar ta koma ta zauna wata takwas, kafin a samu na taya da batir injin da aka gyara ya sake kamewa. Ƙiyasin farko ma ba ya tsayawa inda aka yi shi, domin sai an buɗe inji ko an kankare fenti ake ganin ainihin ɓarnar.

Daga nan ne ake faɗawa wani tarko da masana tattalin arziki suka daɗe da bayyanawa, wato mutum ya ci gaba da zuba kuɗi a kan abu don kawai ya riga ya zuba da yawa a baya. Kuɗin da aka kashe bara ba ya dawowa, ko an ci gaba ko an tsaya, saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne wanda za a kashe daga yau da abin da zai haifar.

Bayan gyara akwai kuɗin riƙewa. Tsohuwar mota mai kafireta irin 504 tana iya shan lita goma ko fiye a kowace kilomita ɗari, ga sabunta takardu, ga inshora mafi ƙanƙanta wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida a farkon 2023. Shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci masu amfani da iskar gas yana rage kuɗin mai, amma gidajen sayar da gas ɗin a birane suke, kuma tukunyarsa mai nauyi ba ta zaunuwa lafiya a kan ruɓaɓɓen ƙarfe.

Kasuwar mai son sayarwa

Mai sayarwa yana da masu saye iri uku, kuma farashi yana raguwa daga na farko zuwa na ƙarshe. Na farko shi ne direba ko makanike da zai gyara motar ya sa ta aiki, wanda ke biyan kuɗin mota sukutum. Na biyu shi ne mai kwance mota ya sayar da sassanta ɗaya bayan ɗaya, wanda inji da giya da gilasai da fitilu ne ke gabansa. Na uku shi ne ɗan gwangwan, wanda nauyi kawai yake saye.

Kowace damina da ta wuce tana tura motar daga mai saye na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku. Wannan ita ce asarar da ba a ganinta, domin mai motar yana ganin kayansa na nan a ƙofar gida, alhali darajarsu tana zagwanyewa, ko da hauhawar farashi ta sa adadin nairar da ake tayawa bai ragu ba.

Ko a wurin 'yan gwangwan ma akwai abin lura, domin jan ƙarfen da ke cikin wayoyi da lagireto, da sanholon da ke wasu sassan inji da giya, da darmar da ke cikin batir, duk sun fi baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya sayar da mota a dunƙule ba tare da sanin wannan ba yakan bar riba mai yawa a hannun dillali.

Motar da aka yanka ba ta zama asara ga jama'a ba. Maƙera suna neman sifirin domin ƙarfensa yana yin gatari da fartanya da wuƙa masu ƙarko, ƙafar baya ta akori-kura tana zama gindin amalanken shanu, tayoyi suna zama takalma da igiyoyin ɗaure kaya, ragowar ƙarfen kuma ana loda shi a tireloli zuwa masana'antun narka ƙarfe, musamman na Legas da Ogun, ya dawo a matsayin rodin gini.

Mabambantan ra'ayoyi

Tsofaffin makanikai galibi suna goyon bayan gyara, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Motocin zamanin da, a ganinsu, ƙarfensu ya fi kauri, injinsu ba shi da na'ura mai kwakwalwa da sai an kai birni an duba, kuma idan suka tsaya a hanyar ƙauye ana iya tayar da su da sifana da ɗan guntun waya. Sai dai mai sauraro ya tuna cewa gyaran shi ne abincin mai ba da shawarar.

Matasan direbobi kuwa sun fi karkata ga sayarwa a sayi babur, ko A-Daidaita-Sahu, ko 'yar ƙurƙura mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, domin shan mansu kaɗan ne, suna shiga burtali da hanyar yashi, kuma suna kawo kuɗi kullum. Masu adawa da wannan ra'ayi suna nuna cewa waɗannan ba sa ɗaukar abin da akori-kura ke ɗauka, ba sa kuma kai rabin shekarunta.

A cikin gida lissafin yakan sha bamban. Uwargida da ke ganin ana sayar da hatsin da ya kamata ya kai iyali damina don sayen kayan mota tana auna motar ne da buhunan taki, da tumakin kiwo, da kuɗin makaranta da na magani, kuma sau da yawa ma'auninta ya fi na maigida kusa da gaskiya, domin ba ta ɗauke da nauyin sabo da motar.

Akwai kuma motocin gado, waɗanda suka fi kowaɗanne daɗewa a ajiye. Mahaifi ya rasu ya bar mota ɗaya ga magada goma, wannan yana son a gyara don tunawa da marigayi, wancan yana son kasonsa, babu mai son ya zuba kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba, sai motar ta ruɓe da haƙƙin marayu da matan mamaci a cikinta.

Abin da shari'a da doka suka tanada

Fikihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa bai bar wannan matsala ba mafita ba. Dukiyar gado da ba ta rabuwa ba tare da ta lalace ba ana yi mata ƙima ne ta hannun masana, ɗaya daga cikin magada ya ɗauka ya biya sauran, ko a sayar a raba kuɗin, kuma malamai suna gargaɗi a kan jinkirin da ke tozarta dukiya.

Haka nan shari'a ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Cike ramin tsatsa da fila, wato ƙullun da masu fenti ke shafawa don daidaita bodi, sannan a fesa fenti a kai don ruɗin mai saye, algus ne, kuma idan a shasi ne aka yi shi, zai iya zama sanadin rasa rayuka.

Ta fuskar doka, jami'an duba lafiyar motoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, wato KAROTA, suna da hurumin tsayar da motar da ba ta cancanci hawa titi ba. Mai sayarwa kuma yana kare kansa ne idan ya rubuta takardar ciniki a gaban shaidu da mai unguwa, ya kuma cire lamba ya riƙe takardu idan yanka motar za a yi, don kada a yi amfani da su wajen halatta motar sata.

Barin mota a ajiye yana da haɗari ga maƙwabta ma. Tana zama maɓoyar macizai da kunamu, tayoyinta suna tara ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, baƙin mai da ruwan batir suna tsiyaya a ƙasar da rijiyoyi da gonaki ke kusa, yara kuma suna shiga wasa a cikinta. A Disambar 2021 yara takwas sun rasu a Badagry ta jihar Legas bayan sun kulle kansu a cikin wata mota da aka ajiye.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Ma'anar wannan ita ce ƙarshen rayuwar motocin duniya yana faɗowa ne a kan garuruwa irin su Zakirai, inda babu wani tsari na karɓarsu.

A ƙasashe masu arziki gwamnati takan sa hannu. A 2009 Jamus ta riƙa ba da yuro 2,500 ga wanda ya miƙa motar da ta kai shekara tara aka murƙushe ta ya sayi sabuwa, Amurka da Ingila ma sun yi makamancin haka a wannan shekara. A Kuba kuwa, inda takunkumin Amurka ya toshe hanyar samun kayan gyara tun farkon shekarun 1960, larura ta sa ana ci gaba da tuƙa motocin shekarun 1950 da dabarun makanikai.

A Turai da Amurka akwai masu gyaran tsofaffin motoci don sha'awa, waɗanda ke kashe fiye da darajar motar suna sane, domin suna da rarar kuɗi. Manomin Gabasawa ba ya cikin wannan hali, amma akwai darasi guda: 504 da 404 ɓangare ne na tarihin Arewa, kuma 'yan ƙalilan da suka rage da lafiyayyen bodi sun cancanci a nemo musu masu saye da suka san darajarsu kafin a kai su ga sikeli.

Ma'aunin yanke shawara

Idan aka tattara bayanan masu sana'a da na masu lissafi, tambayoyi uku ne ke raba gardama. Ta farko ita ce lafiyar shasi, kuma ana gane ta ne ta hanyar ɗaga motar, a wanke ƙarƙashinta, a bi mazaunin ƙafafu da na sifirin da bututun man birki ana ƙwanƙwasawa da guduma, a kuma bi bodin da maganaɗisu, domin ba ya kama inda aka cika da fila. Ya fi kyau mai dubawar ya zama wanda ba shi ne zai yi aikin ba, ba kuma shi ne zai saya ba.

Ta biyu ita ce aikin da ke jiran motar. Idan akwai lodi tabbatacce na ranakun kasuwa da na kaka, da direba amintacce, wanda abin da zai shigo zai biya mai da gyaran yau da kullum har ya mayar da kuɗin tayarwa cikin shekara ɗaya ko biyu, gyara yana da hujja. Idan kuwa don fita kunya ne kawai, babu ita.

Ta uku ita ce kuɗin kammalawa, wato a ce mai motar yana da abin da zai kai aikin ƙarshe a zama ɗaya, da ƙarin wajen kashi ɗaya bisa uku na ƙiyasi don abin da zai ɓullo, ba tare da ya taɓa abincin gida ko kuɗin taki ba. Idan darajar motar a yau haɗe da kuɗin gyara ta zarce farashin irinta mai tafiya a kasuwa, lissafi ya riga ya nuna sayarwa.

Wanda ya samu amsa mai kyau a dukkan ukun ya kamata ya gyara, domin a wannan zamani na tsadar mota zai yi wuya ya samu madadinta. Wanda shasin motarsa ya ruɓe, ko ya rasa biyu daga cikin ukun, ya kamata ya sayar tun sassan motar suna da masu so, ya ji tayi daga mutum uku ko huɗu, ya kuma mayar da kuɗin cikin abin da zai haihu.

Lokacin da ya dace da wannan hukunci shi ne tsakanin kaka da bazara, sa'ad da akwai kuɗi a hannun masu saye, ƙarfe kuma a bushe yake don walda da fenti. Akwai rawar da ƙungiyoyin makanikai da na direbobi, da masu unguwanni, da ƙaramar hukuma za su iya takawa, ta hanyar samar da amintattun masu ƙima, da taimaka wa magada su warware motocin gado, da hana zubar da baƙin mai da fasa batir a kusa da rijiyoyi. Gyara da sayarwa kowanne yana iya zama daidai gwargwadon halin motar da na mai ita, amma jinkirin da ke barin ta ga wata daminar ba ya amfanar mai ita, ko magadansa, ko maƙwabtansa.